Gyaran kai ko bin yarima a sha kiɗa?

Tambaya: Malam, kusan shekara biyu ke nan ina fama da abin da ake kira gyaran kai: tashin ƙarfe huɗu, motsa jiki, karatun littattafan ci-gaba, jadawali kan jadawali. Ban ga na sauya ba, sai gajiya da jin cewa kullum akwai inda na gaza. Na fara zargin duk abin yayi ne, ina ta wahala ne kawai don in zama yadda mutane ke so. Shin gyaran kai yana da amfani na gaske? Kuma yaya mutum zai bambance ra'ayinsa da wanda jama'a suka ɗora masa?

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka yana da tushe. Da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan gyaran kai bin jama'a ne, jama'ar ce kawai aka sauya maka. Amma kafin ka yi watsi da komai, ya kamata ka san yadda bin jama'a ke aiki a jikin mutum, domin abu ne da aka auna, kuma an san inda ƙarfinsa yake da inda yake karyewa.

A farkon shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya shirya wani gwaji mai sauƙi. Ana shigar da ɗalibi ɗaki ya tarar da wasu samari zaune a jere. Sai a ɗaga kati biyu, ɗaya da layi guda, ɗayan da layuka uku masu tsawo daban-daban, a ce kowa ya faɗi wanne cikin ukun ya yi daidai da na farko. Ko yaro zai gane amsar, domin idan mutum shi kaɗai ne kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ɗalibin bai sani ba shi ne sauran duk bakinsu ɗaya da mai gwajin, kuma an zaunar da shi kusa da ƙarshen layi don ya ji amsarsu kafin tasa. A zagaye 12 cikin 18 sukan faɗi amsar da ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya, fuska a sake. Sai ka ga bawan Allah yana leƙa katin, yana mutsu-mutsu a kujera, yana murmushin yaƙe. Kusan kashi 37 cikin 100 na amsoshin da aka bayar a irin waɗannan zagayen sun bi taron. Mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Ɗaya cikin huɗu bai taɓa bi ba.

Masu ba da wannan labari kan tsaya nan su ce ai mutane tumaki ne. Sun manta kusan kashi biyu cikin uku na amsoshin daidai suke duk da matsin. Abin da ya fi amfani gare ka yana cikin sauye-sauyen da Asch ya yi wa gwajin. Idan mutum ɗaya ne kawai ya saɓa maka, da wuya ka bi shi. Idan biyu ne, bin ya ɗan ƙaru. Da sun kai uku, matsin ya kusa kai iyakarsa, ƙarin mutane bayan nan ba ya ƙara wani abin kirki. Ke nan ba sai duniya ta taru a kanka ba, mutum uku da kake ganin girmansu sun isa su sa ka ƙaryata idonka. Sannan da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ya faɗi zuwa kusan rubu'in yadda yake. Har ma idan wanda ya saɓa wa taron wata amsar kuskure ya bayar, bin yakan ragu, domin abin da ke ɗaure mutum shi ne ganin babu wanda ya fita daga sahu. Haka kuma idan aka ce ɗalibin ya rubuta amsarsa a takarda maimakon ya faɗa a fili, bin yakan yi ƙasa sosai. Riƙe waɗannan, za mu dawo kansu.

A 1955 Morton Deutsch da Harold Gerard suka raba bin jama'a gida biyu, kuma rabon nasu har yau shi ake amfani da shi. Akwai bin da kake yi don kana ganin sun fi ka sani, akwai wanda kake yi don kada a mai da kai saniyar ware. Na farkon yawanci hankali ne. Babu wanda ke gwada kowane magani da kansa, ko ya auna ƙarfin gada kafin ya hau. Harshen da kake magana da shi, ɓangaren titin da kake tuƙi, tsayawa a layi, duk bin jama'a ne, kuma wanda ya ce sai ya sake binciken kowanne daga tushe ba zai tsinana komai a rayuwarsa ba. Na biyun ma ba kullum yake laifi ba, kunya da kara suna hana ɓarna mai yawa. Yana zama matsala ne idan yana cin lokacinka, lafiyarka ko dukiyarka, alhali babu abin da yake tsare maka sai bakin mutane.

Bakin mutanen nan kuma sau da yawa hasashe ne. Akwai yanayin da kowa cikin taro ba ya son abu a ransa, amma kowa na zaton shi kaɗai ne, sai duk su ci gaba da yi. Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2020 da suka yi da matasa magidanta kimanin 500 a birnin Riyad na Saudiyya. Da aka tambaye su a asirce, kashi 87 cikin 100 suka ce sun yarda mace ta yi aiki a wajen gida. Da aka ce su ƙiyasta ra'ayin sauran mazan da ke tare da su, mafi yawansu suka yi zaton masu goyon bayan ba su kai haka ba. Waɗanda aka nuna wa ainihin alƙaluman sun fi sauran yi wa matansu rajistar neman aiki. Ba ra'ayin kowa aka sauya ba, an dai gaya musu abin da maƙwabtansu ke tunani. A gefe guda kuma, muna zuzuta yawan idon da ke kanmu. Thomas Gilovich da abokansa sun sa ɗalibai sanya wata riga mai hoton da suke jin kunyarsa, suka tura su cikin ɗaki mai mutane. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin mutanen sun lura da hoton, alhali kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya lura. Kowa da abin da ya dame shi.

To, ina gyaran kai ya shigo? Mutum yakan ji ya gaji da "me mutane za su ce" na kusa da shi, sai ya buɗe waya ya faɗa hannun wani taron: masu tashin ƙarfe huɗu, masu wanka da ruwan sanyi, masu littafi hamsin a shekara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan taron ma ya fi na farko tsanani, domin ba ka ganin ranar da suka makara, abin da suka zaɓa su nuna kawai kake gani. Thomas Curran da Andrew Hill sun tattara bayanan ɗaliban jami'a sama da 40,000 daga Amurka, Kanada da Birtaniya tsakanin 1989 da 2016, suka ga jin cewa "mutane na son in zama cikakke marar aibi" ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma irin wannan jin yana tafiya tare da damuwa da ƙuncin rai. Abin da ka kira "kullum akwai inda na gaza" kamanninsa ke nan.

Ɗauki tashin ƙarfe huɗun da ka ambata. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara. Idan kana kwanciya sha biyu ka tashi huɗu, bashi kake ci, kuma za ka biya shi da saurin fushi, mantuwa da gyangyaɗi a wurin aiki. Tashi da wuri yana da ma'ana ne idan an matso da lokacin kwanciya, kuma akwai takamaiman abin da za a yi da lokacin. Wanda ka kwaikwaya ƙila ƙarfe tara yake kwanciya, kai ba ka ga wannan ɓangaren ba.

Kada kuma ka ɗauka maganin shi ne ka zama ɗan ba-ni-na-iya mai saɓa wa kowa. Wanda duk abin da jama'a suka ce sai ya ce a'a, har yanzu jama'ar ce ke jan akalarsa, ta baya kawai take ja.

Shin mutum na sauyawa da gaske? Yana sauyawa, sai dai ba da girman da 'yan talla ke faɗa ba. Brent Roberts da abokansa sun duba bincike 207 a 2017, suka ga halayen da ake ɗauka kamar a jini suke, musamman saurin damuwa da firgita, suna gyaruwa ta hanyar aiki da ƙwararru, cikin makonni 24 a matsakaici. Wannan labari ne mai daɗi. Amma dubi wani: gwajin da David Yeager ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya koyar da ɗaliban sakandare kimanin 12,000 a Amurka cewa basira na ƙaruwa da ƙoƙari. Sakamakon masu rauni ya ƙaru da maki 0.10 a ma'aunin da ƙololuwarsa ke wajen 4. Ci-gaba ne na gaske, mai araha kuma, amma ba shi ne "sauya tunaninka ka sauya duniyarka" ba. Haka maganar cewa atisaye shi ne komai. Nazarin Brooke Macnamara na 2014 ya nuna atisaye mai tsari yana bayanin kusan kashi 26 cikin 100 na bambancin ƙwarewa a wasannin allo irin su dara ta Turawa, kashi 21 a kiɗa, kashi 18 a wasannin motsa jiki, kashi 4 kacal a karatu. Sauran kuwa shekarun da aka fara, malami, lafiya, hali da samun dama ne. Wanda ya gaya maka duk gazawarka rashin himma ce, ya ɗora maka kayan da ba naka kaɗai ba.

Wasu dabarun ma cutarwa suke. A 2009 Joanne Wood ta sa mutane maimaita "ni mutum ne abin ƙauna". Masu ƙarancin yarda da kai, wato waɗanda aka yi dabarar dominsu, sai suka ƙara jin ba daɗi, domin zuciya na jin maganar sai ta shiga kawo hujjojin ƙaryata ta. Gabriele Oettingen ta daɗe tana nuna cewa masu yawan zama suna hango kansu sun riga sun yi nasara sukan rage ƙoƙari, jiki ya ɗan ɗanɗana daɗin ya saki. Peter Gollwitzer kuma ya gano cewa shelanta burin zama wani abu, idan mutane suka ji suka yaba, yana iya rage aikin da za a yi a kai. An karɓi ladan tun kafin aiki. Shi ya sa ni a ganina duk gyaran da ba ya rayuwa sai an ɗora hotonsa a kafafen sada zumunta, a sa masa alamar tambaya.

Ga yadda ake tacewa. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake ƙoƙarin gyarawa, kada ka bar ko ɗaya. Mutum irinka yakan tarar da takwas zuwa goma sha biyu. Gaban kowanne rubuta inda ka fara jin ya kamata ka yi shi: wa ka gani, me ka kalla, wa ya yi maka gori. Sannan ka tambayi kanka, da a ce babu wanda zai taɓa sanin na yi wannan har abada, zan yi? Nan rabin jerin yakan zube. Abin da ya rage, ka tambaye shi wace matsala yake warwarewa da za ka iya nunawa da yatsa. "In zama mutum na gari" ba a nuna shi da yatsa. "Ina haki idan na hau bene hawa biyu", "ina makara wurin aiki sau uku a mako", "kuɗina kan ƙare kafin wata ya raba", "ina ɗaga wa iyalina murya idan na gaji", waɗannan ana nuna su. Lura, abu na iya fitowa daga wajen jama'a kuma ya zama naka. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka ce kana katse mutane a magana, wannan bayani ne, ba matsin lamba ba. Abin dubawa shi ne ko ka yarda da dalilin bayan ka auna shi.

Daga abin da ya tsallake, zaɓi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle takwas. Mayar da shi aiki ƙarami mai lokaci da wuri, cikin sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Maimakon "zan riƙa karatu", ka ce "idan na gama cin abincin dare, zan zauna a kujerar nan in karanta shafi biyar, waya tana wani ɗakin". Gollwitzer da Paschal Sheeran sun haɗa gwaje-gwaje 94 a 2006, suka ga wannan sigar tana ƙara cika buri ƙwarai, kuma dalilin a fili yake: ka yanke shawarar tun da wuri, ba ka bar ta ga lokacin da ka gaji ba. Yi irin wannan shirin ga cikas ɗin da ka fi tsammani: "idan baƙo ya zo da dare, zan karanta shafi biyu da safe kafin in fita". Sannan ka gyara wurin kafin ka gyara zuciya. Takalmin tafiya a bakin ƙofa ya fi alƙawari goma aiki, haka cire manhajar da ke cinye maka dare ya fi rantsuwar ba za ka buɗe ta ba.

Maganar da ake yawan faɗa cewa cikin kwana 21 sabuwar ɗabi'a ke zama jiki ba ta da tushe mai ƙarfi. Phillippa Lally da abokanta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 tsawon mako 12 suna koyon sabuwar ɗabi'a. Tsaka-tsakin lokacin da abu ya zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar ta tashi daga kwana 18 har zuwa 254. Abu mai sauƙi kamar shan kofin ruwa bayan karin kumallo yana kamawa da wuri, motsa jiki yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin. Abin da ke rusa shi shi ne tunanin "tunda na karya, shi ke nan", wanda ke mai da kuskuren rana ɗaya ya zama na wata guda. Idan ka tsallake yau, gobe ka yi ko da rabin adadin ne. Game da lokaci kuma, ka riƙa ƙara wa ƙiyasinka. An taɓa tambayar ɗalibai a Kanada yaushe za su gama kundin karatunsu, suka ce kwana 34 a matsakaici, suka gama a 55. Ninka ƙiyasinka sau ɗaya da rabi ba rashin himma ba ne, lissafi ne.

Auna abu biyu daban: aikin da sakamakon. Aikin shi ne alamar da kake sawa a kalanda duk ranar da ka yi. Sakamakon shi ne matsalar nan da ka nuna da yatsa. Mutane da yawa sukan tsaya a na farko, su cika kalanda da alamomi alhali hakin bene yana nan, makara tana nan. Wannan shi ne ya sa ka shekara biyu kana aiki ba ka ga sauyi ba: babu abin da aka ce a duba.

Saura yadda za ka tsaya kan ra'ayinka idan ya saɓa wa na kusa da kai, kuma nan gwajin Asch ke biyan kuɗinsa. Kafin ka shiga taro ko shawarar da za a yanke hukunci, rubuta matsayinka da dalili biyu a takarda, domin bayan mutum uku sun yi magana ba za ka iya tuna ainihin abin da ka shigo da shi ba. Nemi mutum ɗaya tun kafin zaman, ku yi magana ku biyu. Sau da yawa za ka tarar shi ma abin na ci masa tuwo a ƙwarya, yana jiran wani ne ya fara. Kada ka riƙa sauya baki. A gwajin Serge Moscovici na 1969 a Faransa, mutum biyu cikin shida da suka dage suna kiran shuɗi kore sun ja kusan kashi 8 cikin 100 na amsoshin sauran, amma da suka riƙa yi suna fasawa sai abin ya koma kusan kashi 1. Kuma ka zaɓi inda za ka yi amfani da mutuncin da ka tara. Edwin Hollander ya nuna tun 1958 cewa taro yakan yi wa mutum uzurin saɓawa gwargwadon amanar da ya tara a cikinsa. Wanda ke zuwa kan lokaci, yana riƙe alƙawari, yana girmama na gaba, idan ya ce "ku yi haƙuri, ni wannan ba zan yi ba", ana saurarensa. Wanda ke jayayya kan kowane ƙaramin abu, ranar da ya zo da magana mai nauyi an riga an gaji da muryarsa. Idan saɓawar mai tsada ce, kamar barin aiki ko sauya fannin karatu, gwada ta a ƙaramin sikeli na wata uku tukuna, ka kuma lissafa wa zai ɗauki asarar idan ta ƙi, kai kaɗai ko da waɗanda ke ƙarƙashinka.

Abu ɗaya da bai kamata a haɗa shi da wannan duka ba: idan jin gazawar nan ya zo da rashin barci ko yawansa, rashin sha'awar abin da ka saba so, sauyin cin abinci, ko tunanin gara ba ka raye, kuma ya kai mako biyu kusan kullum, jadawali ba zai magance shi ba. Wannan na likita ne ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ana samun sauƙi da magani ko zaman tattaunawa da ƙwararre.

Idan ba haka ba ne, sa ranar bita a kalanda mako 12 daga ranar da ka fara, ka rubuta tun yau abin da kake son gani a ranar da lamba: makara daga uku a mako zuwa ɗaya, ko hawa bene biyu ba tsayawa. Ranar bita abu uku ke iya fitowa. In ka yi aikin aƙalla kwana biyar cikin bakwai kuma lambar ta motsa, ci gaba, sannan ka ɗauko na biyu daga jerin. In ka yi aikin amma lambar ba ta motsa ba, hanyar ce ba ta dace da matsalar ba, sai a sauya ta, ko a tambayi wanda ya san fannin. In kuwa ka kasa yin aikin ko rabin kwanakin, rage shi zuwa rubu'i ka ƙara mako huɗu. Idan a hakan ma bai kama ba, koma ga takardar farko ka duba abin da ka rubuta a gabansa, wato wanda ka fara gani yana yi, ka soke shi daga jerin.